Gandun Whitney a Luwiziyana: inda ake fara kai baƙo ɗakin bawa kafin benen ubangidansa

Duk wanda Allah ya kai shi birnin New Orleans, a jihar Luwiziyana ta Amurka, yana kuma da rabin yini a hannu, shawarata ita ce ya nemi mota ya tafi Gandun Whitney. Tafiyar kamar awa ɗaya ce, a wani ƙauye da ake kira Wallace, a gaɓar yamma ta kogin Misisipi. Tsofaffin gidajen gandu suna nan jere a bakin kogin, kowanne yana karɓar baƙi da tikiti, kowanne takardar tallarsa tana zube a otal-otal na birni. Idan ɗaya kaɗai mutum zai iya shiga, to ya shiga Whitney. Ba don ya fi sauran kyau ba, akwai waɗanda suka ninka shi a ƙawa. Dalilina shi ne a nan ne aka tsara ziyarar gaba ɗaya a kan mutanen da aka bautar, aka mai da maigida da benensa wani ɓangare na labarinsu.

Mu daga Houston muka taso, ni da uwargida da yara, muka bi babbar hanyar da ta nufi gabas. Kafin Whitney mun fara shiga wani gidan gandu na daban a yankin, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Gida ne na gani na faɗa. 'Yar rakiyarmu ta sha doguwar riga irin ta matan attajiran wancan zamani, ta yi ta nuna mana fitilun ƙarau da aka kawo daga Turai, da farantan tangaran, da gadon da uwargidan gidan ta kwanta a kai, da wanda ya auri wa. Sai da muka kusa fita sannan ta yi nuni da hannu can bayan gida ta ce akwai wani ɗan baje koli a kan bayi ga mai bukata. Yawancin waɗanda muke tare da su suka wuce wurin sayen lemo. Na fito raina a jagule. An gyara ginin tsaf, an shafe shi da fenti, an share ciyawa, amma waɗanda suka buga tubalin suka yanko katakon daga fadama an tura su can gefe.

A Whitney abin ya sha bamban tun daga wurin sayen tikiti. Ana ba kowane baƙo wani kati mai igiya ya rataya a wuya. A jikin katin akwai sunan wani mutum da aka haifa cikin bauta, da 'yan kalmomi daga bakinsa. Asalin kalmomin shi ne wani aiki da gwamnatin Amurka ta sa aka yi a shekarun 1930, inda marubuta suka bi tsofaffin da suka taɓa zama bayi suna ɗaukar labarinsu, mutum sama da 2,000. Da yake an soke bauta a faɗin ƙasar tun 1865, waɗanda aka samu da rai a lokacin yawancinsu yara ne sa'ad da abin ya faru. Shi ya sa idon yaro ya mamaye wurin. Ƙaramar 'yata ta karanta nata katin, ta ɗago ta ce, "Abba, wannan ai sa'ata ce." Na ce mata haka ne. Daga nan ba ta ƙara neman wayata don wasa ba har muka fita.

Ana iya zagayawa hanya biyu: ko ka bi ɗan rakiya tare da ayari, ko a ba ka na'urar sauraro ka maƙala a kunne ka tafi a tsanake. Mu ɗan rakiya muka bi, kuma shi nake ba da shawara ga wanda Turancinsa zai ɗauke shi, domin akwai damar tambaya. Namu matashi ne ɗan yankin, bai yi ta kwarmato ba, bai kuma sassauta magana don kada wani ya ji nauyi ba.

Zangon farko coci ne na katako, fari, mai suna Antioch. Mutanen da suka fita daga bauta ne suka gina shi da hannunsu wajen 1870 a garin Paulina, a ɗaya gaɓar kogin, daga baya aka ɗauko shi aka kawo nan. A ciki akwai mutum-mutumin yara da wani mai sassaƙa, Woodrow Nash, ya ƙera da yumɓu, wasu a zaune kan benci, wasu a tsaye, ƙafa ba takalmi, tufafi a kode. Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da shiga coci ko kallon mutum-mutumi ba. Ba ibada ake yi a wurin ba lokacin ziyara, gidan tarihi ne, amma wanda bai so shiga ba zai iya tsayawa a baranda ya ji bayani, babu mai tilasta masa.

Tarihin filin a taƙaice shi ne: wani Bajamushe mai suna Ambroise Heidel ya kafa gandun a 1752, lokacin Luwiziyana tana hannun Faransa. Jamusawa sun yi yawa a wannan gaɓa har ake kiranta Gaɓar Jamusawa. Da farko baba suke nomawa, wanda ake shuni da shi. Bayan da aka gano yadda za a daskarar da ruwan rake ya zama sukari a yankin a 1795, sai kowa ya juya ga rake, har da zuriyar Heidel, waɗanda sunansu ya rikiɗe ya koma Haydel. Daga 1840 zuwa 1860 wata bazawara, Marie Azélie Haydel, ita ce ta riƙe gandun, kuma a zamaninta ya fi bunƙasa, da bayi kimanin 100. Sunan Whitney ya zo ne daga baya, bayan yaƙin basasa, sa'ad da wani attajiri Bradish Johnson ya saya a 1867 ya sa masa sunan jikansa.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin sunaye. Akwai wani bango na baƙin dutse da aka zana sunayen mutum sama da 350 da aka bautar a wannan gandu kaɗai. Sunan yanka ne kawai, babu na uba. Wani an rubuta shekarunsa, wani sana'arsa, wani ƙasar da aka ɗauko shi. An tsamo su ne daga takardun ciniki da na rabon gado, inda ake lissafa mutum tare da alfadarai da garmuna a sa masa farashi. Gaba kaɗan kuma akwai wasu jerin bangaye masu ɗauke da sunaye 107,000 na waɗanda aka bautar a Luwiziyana, daga rumbun bayanan da malamar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta shafe shekaru tana tattarawa a kotuna da ma'ajiyar takardu. Magatakardan Faransa da na Sifaniya suna da al'adar rubuta ƙabilar bawa a takardar saye, don haka aka san daga ina da yawa suka fito: Wolof, Bambara, Mandinka, Fulani, Yarabawa, Ibo, mutanen Kwango. A cikin ƙabilun da rumbun ya lissafa har da Hausa. Ba su kai yawan mutanen Sanagal ko na Kwango ba, amma suna nan. Wani da aka yi wa huɗuba a kunne da harshen da nake rubuta wannan, ya ƙare rayuwarsa yana saran rake a bakin Misisipi. Uwargida ta tsaya ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa tare.

Ba mamaki da aka kula da wannan ɓangare na asali, domin shugaban bincike na wurin, Dakta Ibrahima Seck, ɗan Sanagal ne, masanin tarihi, kuma ya daɗe yana bin sawun abin da ya haɗa Luwiziyana da Afirka ta Yamma, tun daga shinkafa da kuɓewa har zuwa tatsuniyoyin kura da zomo da aka ci gaba da yi wa yara a waɗannan gandaye da harshen Kiriyol, wato Faransancin yankin da ya gauraya da harsunan Afirka.

Sai kuma wani fili da aka keɓe wa yara 2,200 da suka mutu cikin bauta a wannan gunduma ta St. John the Baptist tsakanin 1823 da 1863. Daga littattafan coci aka samo sunayensu. Da yawa ba su kai shekara uku ba. Wasu ma ba a rubuta musu suna ba, sai dai a ce ɗan wance. Ban iya karanta su da yawa ba.

Ni ɗan ƙasar Maƙarfi ne, cikin rake na tashi. Na san yadda ganyensa yake yanka fata, na san ƙaiƙayinsa, na kuma san zafin tsayuwa a kan tukunyar mazarƙwaila tana tafasa. Don haka da muka iso kan manyan tukwanen ƙarfe da aka jera a tsakar gandun, ba sai an yi mini dogon bayani ba. Kowace tukunya babban mutum zai kwanta a cikinta ya miƙe ƙafa. Ana jera su daga babba zuwa ƙarama a kan murhu ɗaya, ana kwashe ruwan raken da dogon ludayi daga wannan zuwa waccan har ya yi kauri. Bambancin da namu shi ne a gida mutum yana yi ne don kansa, in ya gaji ya zauna a inuwa. A nan kuwa, daga watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, dole a sare raken a matse shi kafin sanyi ya lalata shi, don haka wuta ba ta mutuwa dare da rana, ana karɓa-karɓa. Injin matsa yana cin hannu, tafasasshen ruwa yana ƙona jiki. Gandayen rake sun yi ƙaurin suna har a cikin ƙasar bauta kanta, domin waɗanda ke mutuwa a cikinsu sun fi waɗanda ake haifa. Bayan da Amurka ta hana shigo da bayi daga ƙetare a 1808, sai aka riƙa cike giɓin da mutanen da ake sayowa daga jihohi irin su Virginia da Maryland, ana raba uwa da ɗa, ana kai su kasuwar New Orleans, wadda ta fi kowace kasuwar bayi girma a ƙasar.

Ɗakunan bayin na katakon wata bishiyar fadama ne, kowanne an raba shi biyu, iyali guda a kowane ɓari, murhu ɗaya a tsakiya. A da guda 22 ne. A shekarun 1970 aka rushe yawancinsu. Biyu ne kawai na asali suka rage, sauran da ake gani an ɗauko su ne daga wani gandu a gundumar Terrebonne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa mutane sun ci gaba da zama a waɗannan ɗakuna suna aikin rake har zuwa wajen 1975, ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna cin bashi a kantin gandun. Ke nan akwai waɗanda aka haifa a nan da suke raye yau.

A nan ne zan faɗi abin da ya kamata mai zuwa ya sani, domin wanda ya zo neman tsohon gandu kamar yadda aka bar shi zai iya jin an gauraya masa. Cocin daga wani wuri aka kawo shi. Yawancin ɗakunan haka. Akwai kuma wani kurkuku na ƙarfe, kamar akwati mai ƙofofi, wanda aka ƙera a Pennsylvania a 1868, wato bayan an soke bauta, shi ma kawo shi aka yi don a nuna irin inda ake tsare mutane. Ba a ɓoye wannan ba, ɗan rakiyarmu ya faɗa da bakinsa, amma wanda hankalinsa ya tafi wani wuri zai iya fita yana zaton komai a nan aka same shi. Ni dai ban ga laifin kawo su ba. Da an bar su inda suke, da gara da ruwan sama sun gama da su. Wanda yake son ganin jerin ɗakunan bayi a inda aka kafa su tun asali, maƙwabcin gandun, Evergreen, shi ne ke da guda 22 a layi biyu, sai dai a bincika ko yana karɓar baƙi kafin a nufe shi.

Akwai wuri ɗaya da iyaye za su yi tunani kafin su kai ƙananan yara. A watan Janairun 1811 bayi suka yi tawaye a wannan yanki, a ɗaya gaɓar kogin, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Charles Deslondes. Daga wani gandu kusa da garin LaPlace na yanzu suka taso, suka nufi New Orleans da adduna da 'yan bindigogi, suna ƙaruwa a hanya har suka kai ɗaruruwa. Cikin 'yan kwanaki sojoji da masu gandaye suka murƙushe su. An kashe kusan mutum 100, aka sare kawunan da yawa aka kafa a kan sanduna a bakin kogi don a tsorata saura. A Whitney an yi kawuna na yumɓu an kafa a kan sandunan ƙarfe don tunawa da su. An ɗan keɓe wurin, ana kuma gargaɗi kafin a isa. Ni da babban ɗana muka je, uwargida ta tsaya da ƙaramar.

Benen maigida shi ne na ƙarshe, kuma ta baya ake shigar da baƙi, ta inda masu dafa abinci da masu share-share suke shiga. An gina shi wajen 1790, aka faɗaɗa daga baya. Irin ginin Kiriyol ne: ƙasa tubali, sama katako, da doguwar baranda don shan iska, an ɗaga shi saboda ambaliya. Akwai zanen fenti na ado a bangonsa tun zamanin Azélie, abin da ba a cika samu a sauran gidajen ba. Madafa tana waje, a ware, saboda tsoron gobara, tana kuma cikin mafi tsufa a jihar. Ba mu daɗe a benen ba, ban kuma ji an tauye ni ba. A nan aka ba mu labarin wata baiwa mai suna Anna, wadda wani namiji daga cikin iyalin Haydel ya yi wa ciki ta haifi ɗa, Victor, wajen 1835. Shi ma bawa ya tashi a gidan danginsa na jini. Daga zuriyarsa aka samu Sybil Haydel, matar Ernest Morial, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin New Orleans a 1978, kuma ɗansu Marc ya riƙe wannan kujera daga 1994 zuwa 2002.

Yadda wurin ya tsira ma labari ne. A 1990 kamfanin Formosa na ƙasar Taiwan ya sayi filin don ya kafa masana'anta. Mazauna yankin da masu kare muhalli suka tashi tsaye, shirin ya wargaje. A ƙarshen shekarun 1990 wani lauya Bature na New Orleans, John Cummings, ya saya, ya zuba fiye da dala miliyan 8 daga aljihunsa, aka buɗe wa jama'a a Disambar 2014. A 2019 ya miƙa shi ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba. Riƙe irin waɗannan gine-gine a Luwiziyana yaƙi ne na kullum: danshi yana ruɓar da katako, gara tana ci ta ciki, guguwa tana zuwa daga teku. Guguwar Ida ta watan Agustan 2021 ta yi wa Whitney ɓarna sosai. Ga kuma masana'antun man fetur da sinadarai da suka cika bakin kogin daga Baton Rouge zuwa New Orleans, da yawansu a kan tsofaffin gandaye suke zaune, wasu a kan maƙabartun bayi. A Wallace ɗin kanta an so a gina wata ƙatuwar ma'ajiyar hatsi dab da gidajen mutane. Wasu tagwaye 'yan garin, Jo da Joy Banner, jikokin waɗanda aka bautar a yankin, suka jagoranci adawa, har kamfanin ya janye a 2024.

Galibin gidajen gandu da bukukuwan aure da kwanan baƙi suke samun kuɗin gyara. Whitney ba ya karɓar biki. Tikiti da gudummawa da tallafi ne ke riƙe da shi, shi ya sa ban ji ciwon abin da na biya ba, wanda bai kai dala 40 ga babba ba. A watan Mayun 2025 gobara ta cinye Nottoway, gidan gandu mafi girma da ya rage a kudancin Amurka, wanda aka gama a 1859 aka kuma mai da shi otal da wurin biki. Mutane da yawa sun yi murna a intanet, na kuma fahimci abin da ya sa. Ni ban yi ba. Bayi ne suka gina shi, gwanintar hannunsu ce ta ƙone, kuma da ginin yana tsaye, wata rana ana iya samun masu gaskiyar da za su ba da labarinsa yadda ya dace.

A hanyar komawa na yi ta tunanin gida. Mu ma muna da gandaye da rinji. A ƙarni na 19 sarakuna da attajiran ƙasar Hausa sun mallaki manyan gonaki da bayi ke nomawa, irin na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa a kewayen Kano. Tsarin ba ɗaya ba ne da na Amurka: akwai murgu, wato bawa ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangidansa wani abu, akwai bayin sarki da suka riƙe manyan muƙamai, ba a kuma gina shi a kan launin fata ba. Amma an kamo mutane an raba su da iyayensu, an sa su noma ba da sonsu ba, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Muna alfahari da ganuwa da soraye da gidajen sarauta, muna kukan rushewarsu, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai idan aka tashi gyara su, ina fatan a tuna da waɗanda suka kwaɓa ƙasar, ba tare da an tona asirin zuriyar kowa ko an goranta wa wani ba.

Ga mai niyyar zuwa: kusan duk zagayen a waje ake yinsa, a ƙasa, kuma zai ci kamar awa biyu. Daga Yuni zuwa Satumba zafin yankin mai gumi ne, ga sauro, don haka a je da safe, da ruwan sha da lema da takalmi mai daɗin tafiya. Daga Oktoba zuwa Disamba ya fi, lokacin ana saran rake a gonakin da ke kewaye, ana ganin manyan motoci suna jigilarsa. A sayi tikiti ta intanet tun kafin a taso, a kuma duba ranakun da suke buɗewa, domin ba kullum ba ne. Motar haya ba ta zirga-zirga a ƙauyen, sai dai mutum ya tuƙo kansa ko ya bi motocin yawon buɗe ido da ke ɗaukar mutane daga New Orleans. A taho da guzuri: abincin yankin yana yawan haɗuwa da naman alade, har a cikin miya da shinkafa da wake, don LaPlace da ke kusa ta yi suna ne a kan wani irin naman alade da ake kyafewa. Mu a gefen mota muka shimfiɗa darduma muka yi salla, babu wanda ya ce mana uffan. A shagon da ke bakin ƙofa akwai littattafan tarihi masu kyau, har da na yara, kuma kuɗinsu yana komawa ne ga gyaran wurin.